Injiniyan da ya duba mana burtsatse da sokawe kafin mu sayi gida a Ɗanbare

Shekara goma sha uku na yi ina haya a Kurna, kuma a duk tsawon zaman nan 'yan garuwa ne suka riƙe mu, kura ɗaya da safe, ranar wanki kura biyu. Shi ya sa ranar da dillali ya kira ni ya ce ga gida a Ɗanbare, bayan sabuwar Jami'ar Bayero, ɗaki uku da falo, "kuma Malam akwai burtsatse a ciki, ruwa kamar Tiga," ban tsaya jin sauran bayani ba na hau babur.

Gidan ya kwanta mini. Mai shi, wani Alhaji ɗan kasuwa da zai koma sabon gininsa, ya kunna sumo, wato injin da ke cikin burtsatsen yana turo ruwa, a gabana, ruwa ya haura tankin sama garai-garai. Na ɗiba a tafin hannu na kurɓa, babu zartsi, babu warin tsatsa. Da muka zagaya baya ya buga murfin sokawe da ƙafa, ya ce shekara goma sha ɗaya ke nan ba a taɓa kiran motar kwashe masai ba, ko sau ɗaya. Na ji daɗin maganar ƙwarai, har na maimaita wa maman yara da dare. Yayanta ne, wanda ya daɗe yana aikin duba-gari, ya taka mini birki. Ya ce, "Kai dai kada ka ba da kafin alƙalami sai an duba maka ƙasan gidan nan. Abin da ka gani sama ne, kada ka yi cinikin biri a sama." Shi ya haɗa ni da wani ƙaramin kamfani mai aikin ruwa, shago ɗaya ne a kan titin Gwarzo, injiniya ɗaya da yara biyu. Aikinsu nake so in ba da labari, don mutane da yawa sun tambaye ni ko kuɗin da na kashe ya biya.

Ya biya. Abin da suka karɓa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na la'adar dillali ba, kuma su kaɗai ne cikin duk masu hannu a cinikin da ba su da riba in na saya, ba su da asara in na fasa.

Sun zo wata Asabar cikin Afrilu, zafin bazara ya kai intaha. Injiniyan ya ce lokacin ya yi daidai da gwajin yawan ruwa, domin burtsatsen da ya jure Afrilu zai jure sauran shekara. Bai yarda da abin da ke tanki ba. Ya sa aka cire bututu daga bakin burtsatsen, aka tayar da janareta, yaro ɗaya yana tara jarka mai lita 20, ɗaya yana riƙe da agogo. Da farko jarka tana cika cikin daƙiƙa arba'in. Bayan awa ɗaya sai da ta ci minti ɗaya da 'yan kai, daga nan ta tsaya a haka har awa uku, sumo bai ja iska ba, ruwa bai yi jajaja ba. Ya ce yawancin ƙasar wannan ɓangare na Kano dutse ne a ƙasa, ruwan yana zaune ne a ruɓaɓɓen saman dutsen da tsage-tsagensa, shi ya sa za ka ga maƙwabta biyu katanga ɗaya, wannan ya dace wancan ya haƙa ya tarar da ƙura. Namu ya dace. A kan yawan ruwa, Alhaji gaskiya ya faɗa.

Sai ya ciro tef ya auna daga burtsatse zuwa sokawe. Mita tara. Ya rubuta bai ce komai ba, ya sa yaran suka ɗaga murfin da ƙarfe. Ya hana kowa leƙawa sai da aka bar ramin a buɗe wajen minti ashirin, ya ce iskar da ke taruwa ciki tana iya kayar da ƙato nan take, kuma ya gargaɗe ni kada in taɓa yarda wani ya shiga ciki don gyara ba tare da an kwashe an ba shi iska ba. Da ya haska tocila ya kira ni. Rami ɗaya ne tal, an jera bulo da ramuka tsakaninsu, babu filasta, babu daɓe a ƙasa, kuma bai ko kai rabi ba. Ya zura gora mai tsawo ya ciro, ya nuna mini iyakar inda dauɗa ta kama.

"Malam," ya ce, "gidan da mutum tara suka zauna shekara goma sha ɗaya, ina abin ya tafi?"

A nan ne jikina ya yi sanyi. Ya tsuguna ya zana mini a ƙasa da tsinke yadda ya kamata a yi. Rami biyu ake yi. Na farko rufaffe ne ruf, an yi masa daɓe da filasta, a ciki mai nauyi ke kwantawa ƙasa, maiƙo ya taso sama, ruwan tsakiya ne kaɗai ke bi ta bututu zuwa rami na biyu, wanda shi ne sokawe na ainihi, inda ƙasa ke tsotsewa tana tacewa a hankali. Na farkon dole ya cika, dole a kira mota duk bayan 'yan shekaru. Magina da yawa suna haɗe biyun wuri ɗaya don rage siminti, mai gida kuma ya yi ta murna ramin ba ya cika. Ban zargi Alhaji da ha'inci ba, na tabbata shi ma bai sani ba, iyalinsa ne suka sha ruwan nan shekara da shekaru.

Abin da ya fi burge ni shi ne bai tsaya a katangarmu ba. Ya nemi izini ya shiga gidan da ke bayanmu, muka yi sallama aka ba mu hanya. A can muka tarar da tsohuwar rijiyar guga da ta ƙafe, an rufe ta da siminti an mayar da ita masai, taku kaɗan daga katangar da burtsatsenmu yake jingine. Ya ce wannan ta fi tamu sokawe haɗari, domin rijiya an haƙa ta ne har ta kai ruwa, saboda haka duk abin da aka zuba da damina kai tsaye yake sauka. Ya dawo ya tone gefen burtsatsenmu da shebur, ya tarar masu haƙa ba su zuba siminti kewaye da bututun ba, ƙasa kawai suka mayar, ga kuma wurin ya yi kwari ruwan wanke-wanke na kwanciya.

Ɗibar ruwan gwaji ma na tsaya na kalla. Ya goge bakin famfo, ya ƙona shi da wutar laita, ya bar ruwa ya zuba na 'yan mintuna, sannan ya tara wata kwalba da aka rufe tun daga ɗakin gwaji, bai bari yatsansa ya taɓa bakinta ba. Ya sa ta cikin kula da ƙanƙara, ya tura yaro da ita a babur, ya ce in ta wuce 'yan awoyi a zafin nan sakamakon ba abin dogaro ba ne. Sakamako ya nuna akwai E. coli, ƙwayar da ke nuna bahaya ya shiga ruwa, wadda ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ko ɗaya kada a samu cikin mililita 100 na ruwan sha. Sinadarin naitiret kuwa, wanda dauɗar masai kan zuba cikin ruwan ƙasa, yana ƙasa da iyakar miligiram 50 a lita, amma ya matso kusa. Ya ja kunnena a kan wannan musamman da ya ji muna da jaririya 'yar wata uku: tafasa ruwa tana kashe ƙwayar cuta, amma ba ta cire naitiret, ƙara masa kauri ma take yi, kuma jarirai ƙanana ya fi cutarwa. Wanda ya ga yadda amai da gudawa ya yi ɓarna a Kano da maƙwabtanta a daminar 2021 ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Inda suka gaza kuwa, zan faɗa. Sun yi alkawarin rahoto cikin kwana huɗu, sai da na yi kwana goma sha ɗaya ina bugun waya, dillali na matsa mini wai wani ya taya. Da rahoton ya zo, shafi shida ne na Turancin injiniyoyi, ba layi ɗaya da Hausa, alhali Alhajin da zan kai wa takardar da mai unguwar da zai shiga tsakani duk Hausa suke so a yi musu. Sai da na roƙi injiniyan ya zo da kansa ya yi bayani, ya zo kuwa, amma ya makara awa biyu. Kuma ba su da motar kwashewa, ba su ma da wanda suka amince da shi su haɗa ka, wannan ni na nemo.

Da bayaninsa Alhaji ya rage kuɗin gidan gwargwadon abin da gyara zai ci, bai ja ba, har ya sa aka gwada ruwan sabon gidansa. Muka kwashe tsohon ramin muka cike shi da ƙasa, aka gina sabo mai rami biyu can kusurwar ƙofar gida. Aka tone kewayen burtsatse aka zuba siminti, aka ɗaga bakinsa da dakali mai gangara, aka zuba kulorin mai ƙarfi ya kwana ciki, sannan aka yi ta zubar da ruwa har warin ya fita. Maganar maƙwabci ta fi ɗaukar lokaci. Mai unguwa ya zauna da mu sau biyu, daga ƙarshe na ɗauki rabin kuɗin sabon ramin nasa, aka kwashe rijiyar aka binne.

Tazarar da muka samu yanzu tsakanin burtsatse da sabuwar sokawenmu mita 22 ce. Na tambayi injiniyan ko ta isa, bai yi mini daɗin baki ba. Ya ce abin da masu aikin tsafta suka fi yarda da shi mita 30 ne, amma filinmu ƙafa 50 ne a 75, ko daga kusurwa zuwa kusurwa aka auna ba zai kai ba, mai fili 50 a 50 kuwa mita 21 ce iyakarsa. Ya ce saboda haka kada in saki jiki da gwajin rani, a maimaita tsakiyar damina lokacin da ruwan ƙasa ya taso.

Cikin Agusta shi ya kira ni da kansa, ban tuna masa ba, ya zo da kularsa ana yayyafi. Wannan karon ba a sami E. coli ba, naitiret kuwa yana nan kusan inda yake, ya ce wanda ya riga ya shiga ƙasa yakan daɗe bai fita ba. Muna wanka da wanki da girki da ruwan, na sha maman yara tana tafasawa, na jaririya kuma har yanzu na roba muke saya. Mun tsayar da shi zai dawo Agusta mai zuwa, kuma na ce masa wannan karon da Hausa nake son takardar.