Sharhi kan saiwoyin furannin daji da na saya na dasa a lambuna

Shekara biyu ke nan da na sayi saiwoyin furannin daji iri uku daga wani gandun renon tsirrai, wato tiriliyam da sanguwinariya da martensiya, dukkansu 'yan asalin dazuzzukan gabashin Amurka ta Arewa. Na zaɓi wannan gandu ne saboda sun tabbatar mini cewa daga iri suka rene su, ba tonowa suka yi a daji ba. Batun yana da nauyi a wurina, domin tiriliyam yakan kai shekara 7 kafin ya yi furen farko, kuma tururuwa ce ke raba irinsa a hankali, shi ya sa inda aka tone ba ya saurin farfaɗowa.

Saiwoyin sun iso a watan Oktoba da danshinsu, babu ruɓaɓɓe ko busasshe a ciki. Na dasa su ƙarƙashin bishiya mai zubar da ganye, inda rana ke sauka a Afrilu kafin sabon ganye ya rufe sama. Sanguwinariya ce ta fara toho, ganyenta naɗe da karan fure, kuma ko da yake farin furen bai wuce kwana biyu ba, na yi murna da shi ƙwarai. Martensiya ta biyo baya da shuɗin fure. Tiriliyam kuwa bai leƙo ba sai a shekara ta biyu, huɗu cikin shida.

Inda gandun ya gaza shi ne takardar bayanin da suka haɗo. Ba ta ce martensiya tana bushewa ta ɓace gaba ɗaya da shigowar zafi ba, har na ɗauka ta mutu, saura kaɗan in tone wurin, alhali saiwar barci take yi. Haka kuma ba ta jaddada maganar ƙasa ba. Waɗannan tsirrai sun saba da ƙasa mai laushi ta ruɓaɓɓen ganye, kuma biyun da na rasa su ne waɗanda na sa a laka ba tare da takin ganye ba.

Zan sake saya a wurinsu, amma yanzu nakan kafa tsinke a gindin kowace saiwa, kuma na daina share ganyen da ya zubo a wannan sashe na lambun.