Man kwalba ko layin gidan mai: yadda muke ganin aikin ƴan ruwa-ruwa a Damagaram

Da zarar famfunan gidajen mai sun ƙafe, teburan ƴan ruwa-ruwa ne ke cika da jama'a. Daga bakin kasuwar Dole zuwa Zango da Sabon Gari, da wuya ka yi tafiya mai nisa ba ka ga ɗan tebur da kwalabe jere, mazurari rataye a gefe, da jarka a ɓoye cikin inuwa ba. Ɗan kabu-kabu zai tsaya, yaron tebur ya ce, "Maigida, ɗaya ko rabi?" ya kifa kwalba a bakin tanki, kafin minti biyu an gama. Wannan saurin shi ne babban abin da suke sayarwa. Hukuncinmu a kansu kuwa kashi biyu ne: ga babur mai karbureta, man kwalba yana fid da mutum kunya in ya san abin da zai duba, ga mota mai injakta, asararsa ta fi ribarsa nesa ba kusa ba.

Mutane da yawa suna tambaya, yaya garin da ke da matatar mai a kusa da shi zai rasa mai? Matatar SORAZ tana arewa da gari a kan hanyar Tanut, kilomita 50 da ƴan kai. An buɗe ta a watan Nuwamba na 2011, tana iya tace ganga 20,000 a rana na ɗanyen man da ke zuwa ta bututu daga Agadem. Sai dai kaso mafi girma na abin da take fitarwa gazuwal ne, isansi yana biye, sannan gas ɗin girki. Isansin kuma ba na Damagaram kaɗai ba ne, SONIDEP, kamfanin man gwamnati, ce ke raba shi ga ƙasa baki ɗaya. Shekara da shekaru man Najeriya mai rahusa ne ke cike gurbin, yana shigowa ta wajen Magarya da Matamai da Dungas. A ranar 29 ga Mayu 2023 shugaba Tinubu ya sanar da janye tallafin mai, farashi ya yi ta hawa a can har ya haura naira 1,000 a wasu garuruwa a ƙarshen 2024. A nan gida kuma, a watan Yuli na 2024 gwamnati ta sauke lita zuwa sefa 499, wato dala ɗari ba tamma ɗaya. Masu sayen man kwalba da yawa suka koma famfo, matatar ta kasa ɗaukar nauyin kowa, shi ne dogayen layukan da aka sha a watan Maris na 2025, ana tsakiyar azumi.

Wannan tarihin ya shafi abin da ke cikin kwalbar kai tsaye. A lokacin ƙarancin mai, wani ɓangare na man tebur daga gidan mai ɗin da ka kasa shiga ya fito. An cika tankin babur, an je lungu an zuƙe shi da tiyo zuwa jarka, daga jarka zuwa bokiti, daga bokiti zuwa kwalba. Asalin man lafiyarsa lau, amma kowane juyi yana ƙara masa ƙura, tsatsa ko ɗigon ruwa.

Ga ɗan kabu-kabu lissafin a fili yake. Babur mai ƙarfin 125 yana shan kamar lita biyu da rabi a kilomita 100 cikin gari, yinin aiki kuma lita uku kan ishe shi. A ɗauka kwalba ta ɗara farashin famfo da sefa 300: ƙarin yini bai kai jikka ɗaya ba. Layin da zai ci awa huɗu kuwa ya cinye rabin yinin aiki, kuma ba lallai mai ya kai kansa ba. Shi ya sa ba ma ganin laifin wanda ya tsaya a tebur. Rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Ga kuma sayar da rabin lita, ga bashi zuwa yamma ga wanda aka sani, abubuwan da gidan mai ba ya yi. Ƙarin dai a kan fasinja yake ƙarewa, ɗan makaranta da mai zuwa asibiti da matar da ta ɗauko cefane.

Inda ƴan ruwa-ruwa suka fi rauni shi ne awo. Ba kowace kwalba mai kama da ta lita ce lita ba. Akwai ta santilita 90, akwai ta 75 mai dogon wuya da kaurin gindi, wadda ido ba ya rabe ta da ta gaskiya in tana tsakiyar jeri. In ka biya sefa 700 aka zuba maka 75, a haƙiƙa lita ta zo maka a 933. Yawancin kwalaben gilashi suna da adadinsu a rubuce a jikin gindi, a juya a karanta. Wanda yake saye kullum gara ya yi tasa kwalbar awo: ya auna lita ɗaya cif a gidan mai ranar da akwai, ya ja layi da fenti a daidai inda man ya tsaya. Mai gaskiya ba ya jin haushi in aka ce ya zuba a ciki, kuma akwai masu gaskiya da yawa a cikinsu, musamman waɗanda suka daɗe a wuri ɗaya unguwa ta san su. Waɗanda ke fitowa da tebur a makon ƙarancin mai kawai su ne abin tsoro.

Sai ingancin man. Launi ba shaida ba ne, kada a dogara da shi. Abubuwa uku ake dubawa, kuma ba sa cin minti uku. A ɗaga kwalbar sama ta fuskanci haske, a karkata ta a hankali. Ruwa ya fi isansi nauyi, lita ɗaya ta isansi giram 740 ce ko kusa da haka, ta ruwa kuwa kilo guda, don haka ruwa yana kwantawa a gindi kamar ƙwayar tsakiya mai gangarawa. In man ya yi hazo-hazo kamar an ɗiga madara, an girgiza shi da ruwa ke nan, a bar shi. Bayan haka a ɗiga ɗigo biyu a farar takarda a kaɗa ta. Isansi tsantsa yana tashi ya bar takarda a bushe, wanda aka gauraya da kalanzir ko gazuwal kuwa yana barin tabon maiƙo da ba ya fita. Na uku, a taɓa jikin kwalbar. In ta yi zafi, ta wuni a rana ke nan. A watan Afrilu da Mayu zafin Damagaram yana haura 40, kwalbar da aka toshe da tsumma ko leda kuma tana fitar da sassan man masu saurin tashi, waɗanda su ne ke kunna inji da sanyin safiya. Irin wannan man ne ke sa a yi ta buga kik sau goma babur bai amsa ba. A nemi a zubo daga jarkar da ke inuwa.

Mazurarin ma a leƙa shi. Wanda ke da raga ko tsaftataccen ƙyalle a ciki ya nuna mai teburin ya san aikinsa. Wanda aka ajiye a ƙasa yashi ya manne a bakinsa, duk yashin nan tankinka zai shiga.

In an riga an sha mummunan mai, babur yana faɗa da kansa. Ruwa yana sa shi shaƙewa da tari in an murɗa totur, ya mutu a tsaye. Gyaransa ba ya buƙatar bakanike: a rufe makunnin mai, a kwance ɗan sukurun da ke ƙasan kofin karbureta, a tari abin da ya zubo a murfin kwalba a duba, a buɗe makunnin daƙiƙa biyar ya wanke hanya, a ɗaure. In babur yana tashi amma ba ya ja, datti ya toshe jikilar, wato ƴar ƙaramar kafar da mai ke bi a cikin karbureta, sai a cire ta a hura da iska. Kada a zura mata waya ko allura, ramin yana faɗaɗa, babur ya koma shan mai har abada. Kalanzir kuwa ya fi ɓarna a ɓoye. Inji yana ƙwanƙwasa in an hau tudu ko an ɗauki kaya, yana zafi fiye da kima, buji yana yin baƙi da danshi, abin da bai ƙone ba kuma yana gangarawa ya tsinka baƙin mai. Nan dole a zubar da na tanki, a wanke buji, a canja baƙin mai. Ƙaramar matatar datti ta roba da ake sawa a tiyo tsakanin tanki da karbureta kuɗinta kaɗan ne, muna ganin duk mai sayen man tebur ya kamata ya sa ta, ya lura da kibiyar da ke jikinta ta fuskanci karbureta.

Mota mai injakta ba ta da wannan sauƙin. Famfonta na lantarki yana cikin tanki, man da ke kewaye da shi ne ke sanyaya shi. A lokacin ƙaranci direbobi suna yawo da lita uku ko huɗu, fitilar mai a kunne, famfo yana zuƙar laka da iska daga gindin tanki yana zafi har ya ƙone. Ramukan injakta kuma ƙanana ne ƙwarai, ƙurar da karbureta za ta haɗiye ba komai tana toshe su. Sauke tanki, sabon famfo da wankin injakta sun ninka abin da aka guje wa a layi sau da yawa. Mai irin wannan mota ya jure layin gidan mai, kada ya bari allura ta sauka ƙasa da kwata. In tilas ta sa, ya sayi abin da zai kai shi kawai, a tace da ƙyalle ninki biyu.

Gidajen man su ma ba duka suka ci yabo ba. Farashinsu na hukuma ne, man ya fi tsafta, amma wasu suna barin masu jarka su shiga ta baya alhali layi yana tsaye. Waɗanda suka raba layin babura da na motoci, suka ƙayyade abin da kowa zai sha, layinsu ya fi tafiya. A duba famfo ya koma sifiri kafin a fara zubawa. A kashe mota a layi, don injin da ke aiki a tsaye yana iya shan kusan lita guda a awa. In tankar mai ta gama saukewa yanzun nan, dattin gindin rijiyar ya taso, wanda ke da hali ya ɗan jinkirta.

Abin da ya fi damun mu shi ne ajiyar mai a gida, wadda tsoron ƙaranci ke jawowa. Tururin isansi ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ne, yana iya rarrafawa daga ɗaki har murhun tsakar gida ba wanda ya gan shi. Jarka ba ta kwana a ɗakin barci ko kusa da madafa. Kada a cika ta maƙil, a bar tazarar yatsu huɗu, don mai yana kumbura da zafi. Jarkar man girki da ba a wanke ta bushe ba tana ɓata man. In wuta ta kama, yashi ake zubawa, ruwa yaɗa ta yake yi. Zuƙar tiyo da baki kuma a daina sa yara. Wanda ya haɗiye, kada a sa shi amai, don in man ya koma huhu ya fi haɗari, a kai shi asibiti nan take.

Masu lambu a Mirya da Gidimuni, da injin ban ruwansu ba ya jiran layi, su ne suka fi dogara da jarka. Su saya na kwana uku ko huɗu, su bar jarkar ta kwana a tsaye a inuwa kafin amfani, su zuba daga sama a hankali ta cikin ƙyalle, su bar rabin litar ƙarshe a gindi don wankin kayan inji.