Shagon da na kai zanen kakana domin a sa masa launi

A ɗakin baƙi na gidanmu da ke Kura akwai wani zanen fensir na kakana, wanda wani ɗalibin sashen zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya yi a shekarar 1984, lokacin da ya zo garin yana zana marina da mabuga domin aikinsa na makaranta. Kakan namu marini ne, kuma a zanen yana zaune a kan tabarma, sanye da riga saƙi, ya naɗa rawani Ɗan Kura, amawali ya sauko masa ƙasan haɓa. Babu wani hotonsa da ya rage a hannun dangi in ban da ɗan ƙaramin da ya ɗauka lokacin tafiya aikin hajji, saboda haka wannan takarda ita ce fuskarsa a wurin jikokin da ba su riske shi ba. Shekara da shekaru Goggo, wadda ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yansa mata, tana cewa bai dace ba a ce mutumin da ya ƙare rayuwarsa a bakin karofi, har shuni ya zauna masa a farce, a bar shi a baƙi da fari. Da aka sa ranar bikin jikarta sai ta kafa mini ƙahon zuƙa, ni kuwa na naɗe zanen a cikin tsohon ƙyalle, na nufi wani shago da ke saman bene a Titin Gidan Zoo cikin Kano, inda aka ce mini suna gyaran tsofaffin hotuna da sa musu launi.

Abin da ya fara burge ni shi ne mai shagon ya ƙi aikin da na zo da shi. Na ce masa ya sa fenti a kan takardar, shi kuwa ya wanke hannu, ya zare ta daga firem, ya ɗaga ta saitin taga, sannan ya ce, “Yallaɓai, idan ruwa ya taɓa wannan takarda, ni da kai duka za mu yi da-na-sani.” Ya yi mini bayani cewa takardar da ake yin fentin ruwa a kanta mai kauri ce, wadda nauyinta kan kai giram 300 a kowace murabba'in mita, alhali tamu siririya ce irin ta littafin zane na ɗalibai, ga shi ta soma yin rawaya da ɗigo-ɗigon tsatsa a gefe. Da zarar ta jiƙe za ta kumbura ta yi tudu da kwari, sannan burushi zai kwashi garin fensirin da ke kwance a sama ya dama shi da launin, abin ya koma ruwan kwata. Ya ƙara da gargaɗin kada in yarda kowa ya yi mata laminatin, al'adar da muka ɗauka muna yi wa kowace takarda mai daraja, domin robar da aka liƙa da zafi ba ta ɓantaruwa sai ta tafi da fuskar takardar. Shawararsa ita ce a ɗauki kwafin zanen da na'urar sikana, a yi duk wani gwaji a kwamfuta, asalin kuwa ya koma gida yadda ya zo. Mutumin da zai iya karɓar kuɗi ya yi abin da aka sa shi amma ya tsaya ya hana, a ganina ya cancanci a ambaci wannan halin nasa kafin a shiga laifuffukansa.

Sun ɗauki kwafin a ma'aunin ɗigo 600 a kowane inci, a gabana, kuma a ranar na koma da asalin gida. Daga nan yaron da ke aikin, wanda ya ƙware ƙwarai a Photoshop, manhajar gyaran hoto a kwamfuta, ya nuna mini yadda suke yi. Ba sa shafa launi a kan layukan fensir, sai dai su shimfiɗa shi a wani falle na dabam da suke sa wa tsarin da ake kira Multiply, wanda ke rina farin takarda ya bar baƙi a baƙinsa. Wannan dabara ta yi kyau a tabarma da bangon ƙasa da ke bayan kakana, inda fensirin bai yi nauyi ba, domin kowane layi ya fito ta cikin launin kamar yadda zare ke fitowa a rinannen saƙi. Amma a kan rawani sai ta cije, kuma a nan ne na fahimci abin da na shafe shekaru ina kallo ban gani ba.

Duk wanda ya tashi a Kura ya san cewa Ɗan Kura ba shuɗi ba ne kawai. Ana tsoma ƙyallen a baba sau da yawa har ya kusa zama baƙi, sannan a kai shi mabuga, a barbaɗa masa garin shuni, a yi ta dukansa a kan gungume har sai ya ɗauki wani sheƙi mai ja-ja kamar na jan ƙarfe, wanda ke sauyawa gwargwadon yadda mutum ya juya kansa. Irin wannan sheƙin ne Buzaye ke nema a turkudi, ba su damu da shunin da yake zuba musu a fata ba. Ɗalibin da ya yi zanen ba shi da shuni a hannu, sai ya ɗauki fensir mai taushi, irin su 6B, ya danna shi sosai a kan rawanin, ya yi ta maimaitawa har wurin ya goge ya yi santsi. Bakin fensir yana da wannan hali, idan aka danne shi da yawa yakan yi ƙyalli irin na ƙarfe. Saboda haka idan aka karkata takardar a gaban haske, rawanin yakan yi walƙiya kusan yadda na gaske ke yi, alhali sauran zanen yana nan a dushe. Na'urar sikana ba ta san wannan ba, abin da ta ɗauka baƙi ne kurum. Kuma da yake launi ba ya fitowa a kan baƙi wuluk, dole yaron ya rage duhun rawanin kafin shuɗin ya bayyana. Shuɗin ya bayyana kuwa, amma rawanin ya yi sakayau, ya koma kamar yadin da aka yanko a Kantin Kwari.

Ban ɗora musu laifin wannan ba, domin iyakar na'ura ke nan. Laifin da na ɗora musu guda biyu ne, kuma na farkon ya fi ɓata mini rai. A gwajin farko sun haska fatar kakana, sun mai da shi wankan tarwaɗa mai ɗan ja, suka kuma goge layukan goshinsa da na gefen ido, irin gyaran da suka saba yi wa hotunan amare. Kakana baƙi ne, kuma waɗannan layukan su ne shekarunsa. Da na yi magana yaron ya ce yawancin masu kawo aiki haka suke so, wanda wataƙila gaskiya ne, amma kamata ya yi a tambayi mutum kafin a sauya wa mamacinsa kama. Sun gyara ba tare da gardama ba, bayan na kawo musu ɗan hoton hajjin nan da hoton ƙanen mahaifina wanda ya ɗauko launin fatarsa. Na biyu shi ne saɓa alkawari. An ce mini kwana huɗu, sai da na yi sawu uku daga Kura cikin mako biyu, yau an ɗauke wuta, gobe tawada ta ƙare, kuma ba wanda ya kira ni ya ce kada in taso.

Wurin bugawa ma an sha fama. Shuɗin da muka amince da shi a fuskar kwamfuta ya fito shunayya a takarda, domin allo da hasken ja da kore da shuɗi yake haɗa launi, na'urar bugawa kuwa da tawada huɗu, kuma shuɗi mai zurfi na cikin launukan da suka fi saurin karkacewa a tsakanin biyun. A nan mai shagon ya sake nuna sanin aikinsa, ya buga ɓangaren rawanin kaɗai a ƙananan takardu har guda biyar, kowace da ɗan bambanci, ya ce in kai wa Goggo ta zaɓa a hasken rana, ba a ƙarƙashin ƙwan lantarki ba. Bai caje ni kuɗin waɗannan gwaje-gwajen ba. Gaba ɗaya na biya naira 25,000, ciki har da bugu biyu a girman A3 da sabon firem na asalin, wanda suka sa wa kwali a gefe domin kada gilashi ya riƙa gogar fensirin. Idan aka cire kuɗin motar da na ɓarnatar, kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Daga ƙarshe ban karɓi zanen mai cikakken launi ba. Da aka jera shi kusa da na asali, sai ido ya riƙa yawo a kan tabarma da bango da ratsin riga, fuskar ta zama ɗaya daga cikin abubuwan kallo, alhali a na fensir babu inda ido zai je sai fuskar da rawanin. Na roƙi a cire launin ko'ina, a bar shi a rawani da kuma yatsun hannu, inda shuni ya zauna masa. Wannan shi ne kwafin da aka rataye a ɗakin Goggo ranar biki. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, “Ɗan nan, launin ya yi, amma ba a kai shi mabuga ba.”

Wanda ke da tsohon zane ko hoto zai iya kai shi wannan shago hankali kwance game da lafiyar takardarsa, da sharaɗin ya faɗa musu tun farko kada a taɓa fata da layukan fuska, ya nemi a buga masa gwaji kafin babban bugu, ya kuma karɓi lambar yaron da ke aikin ya kira kafin ya hau mota. Asalin namu ya koma ɗakin baƙi a Kura, sai dai na sauya masa bango zuwa wanda rana ba ta dukansa kai tsaye, inda mai shigowa daga ƙofa zai fara hango shi a karkace.