Na'urar CoaguChek XS: gwajin daskarewar jini a gida ga masu shan warfarin

Tun da aka sanya wa mahaifiyata bawul na ƙarfe a zuciya, likitoci suka ɗora ta a kan warfarin, maganin hana jini daskarewa, har tsawon rayuwa, mu kuma muka shiga zaryar asibiti domin gwajin INR, wato awon da ke nuna yadda jini ke jinkiri kafin ya daskare. Idan adadin ya yi ƙasa, gudan jini na iya taruwa a kan bawul ɗin har ya jawo shanyewar ɓarin jiki, idan kuma ya yi sama, jini na iya ɓallewa ta hanci ko dasashi ko ma a cikin ƙwaƙwalwa. Mizanin da likitanta ya gindaya mata shi ne 2.5 zuwa 3.5, kuma wahalar tsare shi ce ta sa muka sayi CoaguChek XS ta kamfanin Roche na ƙasar Suwizalan.

A ido, na'urar ta yi kama da ta auna sukari, kuma ƙananan batura huɗu take ci. Ana zura tsinken gwaji a jira ta ɗumama shi, sannan a huda gefen yatsa a ɗiga jini cikin daƙiƙa 15, sakamako ya fito bayan kamar minti ɗaya. Wannan daƙiƙa 15 ɗin ita ce inda sabon shiga ke asara. A wata safiya ta hunturu yatsun Hajiya sun yi sanyi, jini ya ƙi fitowa, na yi ta matsawa har lokaci ya wuce, tsinke biyu suka tafi a banza tana kallona tana dariya. Daga ranar muka koyi wanke hannu da ruwan ɗumi da sauke shi ƙasa na ɗan lokaci kafin a huda.

Dangane da inganci ba ni da ƙorafi, domin a lokutan da muka kwatanta sakamakonta da na ɗakin gwaji, tazarar ba ta kai ta canza shawarar likita ba. Hukumar NICE ta Ingila, mai tantance magunguna da kayan aikin lafiya, ita ma ta amince da ita a 2014 ga masu bawul da masu bugun zuciya marar daidaito. Babban amfaninta a gare mu shi ne ganin sauyi da wuri. Da damina, lokacin da kwaɗon zogale da miyar alayyahu suka yawaita a gidan, adadin ya sauko saboda sinadarin bitamin K da ke cikin ganye, kuma mun gano hakan cikin mako guda maimakon mu jira ranar asibiti.

Nauyin yana wajen tsinken gwaji, domin kuɗin na'ura sau ɗaya ake biya, shi kuwa kullum ana saye, ga shi ba kowane kantin magani ke ajiye shi ba. Ana son a adana shi tsakanin digiri 2 zuwa 30, ita kuma na'urar ta yi aiki tsakanin 15 zuwa 32, abin da ke da wuya a zafin bazara, shi ya sa muke gwajinmu bayan sallar asuba.

Masu shan rivaroxaban ko apixaban, waɗanda su ma magungunan hana daskarewar jini ne amma ba a bibiyarsu da gwajin INR, ba su da buƙatarta, kuma mai ƙarancin jini sosai ya fara tambayar likita, domin hakan na iya gurɓata sakamako. Mai shan warfarin kuwa, ina ba shi shawarar ya saye ta idan yana da hanyar samun tsinke a kai a kai da kuma likitan da zai ɗauki waya, domin na'urar lamba kawai take bayarwa. Mu dai kowace Asabar nakan tura wa likita adadin, kuma ba a taɓa rage wa Hajiya ko rabin ƙwaya ba sai da amsarsa.