Anod ɗin alminiyam ya yi aiki, amma har yanzu ina jin zafin mai shagon

Wannan sharhin na masu jirgin faiba ne da ke barin jirginsu yana kwana a ruwa a nan Legas, musamman mu da muke ɓangaren Ikorodu. Magana ce a kan anod, ɗan ƙarfen nan da ake ɗaurawa a ƙafar inji saman farfela, da dogon da ke ƙarƙashin inda inji ke kama bayan jirgi, don ruwa ya ci su maimakon ya ci inji. Na yi amfani da iri biyu daga shago ɗaya a cikin Eko. Na biyun na yaba, na farkon kuwa ya kusa raba ni da injina.

Lokacin da na je saye, mai shagon ya ɗauko mini na tutiya, yana ta kirari wai wannan ba ya cinyewa, sai na gaji da ganinsa. Wallahi da bakinsa ya faɗa. Ga nauyi, ga sheƙi, na biya, aka ɗaura. Damina ta wuce, kainuwa ta rufe mana tasha ta janye, rani ya shigo, anod na nan daram. Ranar da muka fitar da jirgi don canza man giya, bakanikenmu ya kwance noti, sai ga mai yana zubowa fari-fari kamar kunun gyaɗa. Ruwa ya shiga. Ya ɗaga ƙafar inji muka duba: fenti ya kumbura ya yi ƙuraje, ka sa farce ya ɓare, ƙarƙashinsa farin gari da ƙananan ramuka, wasu har kan ashana zai shiga. Dab da inda robar da ke tare ruwa take zama, wurin ya zagwanye. Shi kuma anod ɗin ko gezau, sai wani farin ɓawo mai tauri da ya lulluɓe shi.

Dattijon ya ƙwanƙwasa shi da sifana ya ce, "Maigida, wannan ai ya daɗe da barin aiki. Shi ya kamata ruwa ya ci, da ya ƙi ciyuwa sai ruwa ya koma kan injinka."

Haka abin yake. Ƙarfe iri biyu in suna haɗe a cikin ruwa, ƙaramar wuta takan gudana tsakaninsu, mai rauni ya riƙa narkewa. Ƙafar inji alminiyam ce, sandar farfela kuma ƙarfe ne marar tsatsa, ni har farfelar tawa irinsa ce, shi ya sa abin ya fi tsanani a wurina. Tutiya a ruwan teku zalla take aiki sosai. Namu kuwa ba haka yake ba. Da damina kogin Ogun yakan cika mana wuri da ruwan daɗi, a nan tutiya ke yin wannan ɓawon ta toshe. Da rani gishiri ya turo daga bakin teku, ya tarar babu mai tare shi. Mutumin da ya shekara da shekaru yana sayar da kayan jirgi a Legas bai san wannan ba? Ko tambayata bai yi ba a ina jirgina ke kwana.

Na koma da anod ɗin a leda na ajiye wa mai shagon a kan tebur. Bai ba ni haƙuri ba. Cewa ya yi, "Alhaji, ai da ka faɗa mini, akwai na alminiyam." Ya ɗauko, ya kuma caje ni cikakken kuɗi.

Gaskiya kayan ya yi. Ba shi da nauyi, har na yi shakkarsa a hannu, amma an haɗa shi da wasu ƙarafa ne yadda zai riga ƙafar inji narkewa, kuma yana aiki a ruwan gishiri da gauraye duka. Bakanike ya kankare mazauninsa har ƙarfe ya fito fes, don sai ƙarfe ya taɓa ƙarfe yake aiki, ya ɗaure tam, ya hana yaran shafa masa fenti ko giris. Cikin 'yan watanni fuskarsa ta yi kaushi, gefuna suka fara zaizayewa, sabon fentin ƙafar inji kuma bai sake kumbura ba. Na ji daɗi ƙwarai. In ya ci rabi zan canza, ba zan jira ya ƙare ba.

Sai dai ko a nan ma sai da mutumin ya ɓata mini rai. Kusoshin da ya haɗo mini da su na baƙin ƙarfe ne, kafin wata ya zagayo sun yi ja wur da tsatsa, ɗaya ma kansa ya murje wajen kwancewa. Dole na nemo marasa tsatsa a wani wuri. Ya kuma ce mini saitin cikakke ne, alhali babu ƙananan da ke cikin injin kansa, a hanyar ruwan sanyaya. Da na tuna kuɗin robobi da man giya da aikin cike ramukan nan, da kwanakin da jirgi ya yi a tudu fasinja na shiga na wasu, sai in ji yabon ma yana neman fita daga raina.

'Yan uwanmu na Yawuri da ke kan tafkin Kainji, ku naku ruwan daɗi ne zalla, na maganiziyam ya fi dacewa da ku, amma kada wani ya kawo shi nan, gishiri zai cinye shi nan da nan. Wanda kuma ya ga nasa yana ƙarewa cikin makonni kaɗan, ya sa a duba masa wayoyin batir da na famfon kwashe ruwa, wataƙila wuta ce ke zurarewa. Ni dai na alminiyam zan ci gaba da sawa, amma ƙafata ba za ta sake taka wancan shagon ba.