Diyyar NSITF ga wanda ya ji rauni a wurin aiki

Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ce ta kafa tsarin, wanda NSITF, hukumar inshorar ma'aikata ta Najeriya, ke gudanarwa. Mai kamfani ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin wata, ba a taɓa kuɗin ma'aikaci. Idan inji ya datse wa mutum yatsu, ya sanar da ubangidansa cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto NSITF cikin kwana 7. A nan ake tuntuɓe: leburori da yawa ba su da takardar ɗaukar aiki, balle rahoton likita, sai maganar ta bi ruwa. Tsarin yana share hawaye ƙwarai, amma hukuncin masu sakaci bai taka kara ya karya ba. Tarar Dokar Masana'antu ta 1987 'yan dubban naira ce, ko da an rasa rai.