Injin shaƙar magani: wanne ya dace da mai daskararriyar majina a huhu?

Duk gidan da ake jinyar mai sistik faiburosis, ciwon gado da ke daskarar da majina a ƙirji, wata rana likita zai ce a nemo nebulaiza, wato injin da ke mayar da maganin ruwa feshi don a shaƙa. Sau da yawa ƙwayar cuta mai suna Sudomonas ce sanadi. In ta samu wurin zama a huhu sai ta taru, ta lulluɓe kanta da yauƙi kamar santsin da ke kama cikin randa, maganin sha da na allura su riƙa shan wahalar ratsa shi. Shi ya sa ake kai maganin inda take, ta hanyar numfashi. Tobramycin na shaƙa, maganin kashe wannan ƙwayar, wanda Amurka ta amince da shi a 1997, miligiram 300 ne safe da yamma, kwana 28 ana shaƙa, kwana 28 ana hutawa. Ba kowane inji ke jure wannan aikin ba.

Ni dai mai kwamfuresa nake so, wato wanda ke hura iska da ƙarfi cikin kofin da ake zuba magani. Yana da ƙara, yana da nauyi, zama ɗaya yakan ci minti 15 ko fiye, amma ƙarfinsa ba ya gardama. Da kofi samfurin PARI LC Plus aka gwada wancan maganin tun farko, kuma feshin da ake buƙata shi ne mai ɗigo ƙasa da maikuron 5 (maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), don shi ke isa can ƙasan huhu. Abin da ya fi kwanta mini a rai, kofinsa yana warwaruwa. A wanke da sabulu, a tafasa minti 5, a bar shi ya bushe sarai, domin Sudomonas danshi take so, kofi mai jiƙa kuwa sai ya mayar wa yaro cutar da ake kora. Matsalar injin wuta ce. A nan Birnin Kebbi sai ka tanadi inbata ko janareta, ka kuma sayi filta da yawa saboda ƙurar hunturu.

Injin mai rariya, wanda ke tura magani ta 'yar rariya mai ƙananan huji kuma yake aiki da batir, shiru ne kuma yana sauri, sai dai nagarinsa tsada, mai arahar kuma rariyar ba ta daɗewa take toshewa. Na altrasonik, mai fesa magani da girgizar sauti, yana ɗumama magani, ku bar shi a kanti.

'Yan'uwa, inda nake roƙon ku buɗe ido shi ne wajen saye. Wani mai shago ya taɓa sayar mana da na'urar ƙara danshin ɗaki da sunan nebulaiza, hayaƙi fal fuska, maganin ɗan ƙanwata mai tsada yana tafiya a iska. Injin turaren ruwan zafi ma haka ake tallarsa. Ku ce a kunna a gabanku. Ku duba takardar cikin kwali, in ba a rubuta girman ɗigon feshi ba, ku ajiye. Kofin da aka zare daga ledarsa ko bututun da ya yi rawaya, an yi amfani da shi.

Maganin kansa a firij yake zama, tsakanin digiri 2 da 8. Wanda ya kwana a kan kanta cikin zafin Afrilu, kada ku karɓa ko da lambar NAFDAC a jikinsa. Akwai kuma masu kemis da ke fasa kwalbar allura su zuba a kofi, alhali abin da ake sa wa allura don kada ta lalace yana iya shaƙe ƙirjin yaro. Kafin ku biya ko sisi, ku ɗauki hoton injin da kwalinsa ku nuna wa likitan yaran da ke duba shi a asibiti.